Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Charlie Baker, shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta NCAA

Mai girma shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan sauya sheƙar da jami'o'in ƙasar nan ke ta yi daga wannan rukunin wasanni zuwa wancan tun daga 2021, da kuma wadda kowa ke hango tana tafe. Ni mazaunin Amurka ne, kuma ɗan kallon ƙwallon Amurka na jami'o'i wanda Asabar ɗin kaka ba ta wuce shi. Roƙona guda ne, a cire ƙwallon Amurka daga cikin sauran wasanni, ta bi kuɗinta duk inda ya kai ta, a bar sauran ɗalibai su koma yin wasa da maƙwabtansu.

Ka fi ni sanin yadda abin ya faro, amma saboda masu karatu bari in taɓo shi. Rukuni dai gungun jami'o'i ne da ke karawa da juna, suna sayar wa gidajen talabijin wasanninsu tare. A watan Yulin 2021 jami'o'in Texas da Oklahoma suka ce za su bar rukunin Big 12 su koma rukunin SEC. Shekara na zagayowa USC da UCLA, jami'o'i biyu na Los Angeles, suka ce su ma za su bar Pac-12, rukunin yammacin ƙasar, su kama hanyar Big Ten, wadda ba da jimawa ba ta ƙulla yarjejeniyar watsa wasanni da Fox da CBS da NBC ta kimanin dala biliyan 7 a shekara bakwai. Pac-12, wadda tushenta ya koma har 1915, ta kasa samun mai sayen wasanninta na talabijin da daraja, tayin Apple bai gamsar da mambobinta ba. A rana ɗaya, 4 ga Agustan 2023, Oregon da Washington da Arizona da Arizona State da Utah suka fice daga cikinta, Colorado kuwa ta riga su da mako guda. Stanford da Cal (jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley), waɗanda ke bakin tekun Fasifik, suka nemi mafaka a rukunin ACC can gabar Atlantika. Aka bar Oregon State da Washington State riƙe da suna da takardun kotu. Yau Big Ten na da jami'o'i 18, SEC na da 16.

Ban ɗora maka laifin wannan ba. Ka kama aiki ne a Maris ɗin 2023, lokacin da ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Kuma tun 1984, da Kotun Ƙoli ta bai wa Oklahoma da Georgia gaskiya a ƙarar da suka shigar, ikon sayar da wasannin ƙwallon Amurka ga gidajen talabijin ya bar hannun hukumarka. Hatta gasar fitar da zakaran ƙwallon Amurka, wadda aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024, ba ofishinka ke gudanar da ita ba. Kwamishinonin rukunoni ne da shugabannin jami'o'i da masu gidajen talabijin ke yanka su gasa. To amma ɗaliban da aka ja a ƙasa cikin wannan ciniki naka ne, gasarsu ta ƙarshen shekara kai ke shirya ta.

Ɗan ƙwallon Amurka wasa 12 yake yi a kaka, sau ɗaya a mako, rabi ko fiye a gida. In tafiya ta kama, jirgin shata ne ke ɗaukarsa ranar Juma'a ya dawo da shi daren Asabar. Ko an tura shi ƙarshen ƙasa, bai yi asarar komai ba sai barcin dare ɗaya. 'Yan ƙwallon raga fa, da 'yan tamaula, da 'yan besbol masu wasa sama da 50 a kaka? Su wasanninsu har tsakiyar mako suke faɗawa, kuma da yawansu jirgin fasinja suke bi, da jiran canjin jirgi da duk abin da ke tattare da shi. Daga Los Angeles zuwa jami'ar Rutgers da ke New Jersey, wadda ita ma a Big Ten take, kusan kilomita 3,900 ne, ga bambancin agogo na sa'o'i uku. Ga 'yan'uwana masu karatu, wannan ya fi nisan Kano zuwa Jidda, kuma wai wasan rukuni ake zuwa yi a dawo a shiga aji.

'Yar wani abokina tana buga ƙwallon raga a wata jami'a ta yamma. Da ta shiga, mahaifinta kan zuba ƙannenta a mota bayan sallar Juma'a su je su kalle ta a garin da ke kusa, su dawo a daren. Yanzu a waya yake kallonta. Ta kan bar makaranta ranar Laraba da asuba, sai Lahadi da dare take dawowa. Darasin ɗakin gwaje-gwaje ba a yin sa a otal, saboda haka ta sauya kwas zuwa wanda zai jure rashin zuwa aji. Na ga hoton da ta turo wa gida: tana zaune a ƙasa a filin jirgi, kwamfuta a cinya, ƙanƙara ɗaure a gwiwa, tana ƙoƙarin miƙa aikin gida kafin lokaci ya cika bisa agogon da ba na garin da take ba. Babu gidan talabijin ɗin da ya biya ko sisi domin a kai yarinyar nan gabas. Ƙwallon Amurka aka saya, ita kuma aka haɗa da ita a cikin kaya.

Kuɗin ma da ake ta wannan gudu dominsa bai isa ga kowa daidai ba. Oregon da Washington sun shiga Big Ten ne a kan kaso mara cika. Stanford da Cal sun karɓi ɗan abin da aka yaga musu. SMU kuwa, wata jami'a a Texas da ta shiga ACC tare da su, ta yarda ta yi shekara tara ba ta taɓa kuɗin talabijin na ACC ba, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin. Hukumar jami'o'in Kalifoniya har sai da ta sa UCLA ta riƙa biyan Cal dala miliyan 10 a shekara saboda ɓarnar da ficewarta ta jawo. Sannan ga sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai hukumarka da manyan rukunoni kan kuɗi, da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a watan Yunin 2025, wanda ya bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ina murna da wannan, yaran sun daɗe suna yi wa wasu noma. Sai dai mafi yawan kuɗin wajen ƙwallon Amurka da kwandon maza zai tafi, kuma duk daraktan wasannin da aljihunsa ya matse, ninƙaya da kokawa da tanis zai fara dubawa. Stanford, da duk arzikinta, ta taɓa sanar da soke wasanni 11 a 2020 kafin matsin lamba ya sa ta janye. In ana biyan kuɗin jirgi zuwa wani ɓangaren nahiya don wasan tanis, ai an ba shi hujja a hannu.

A gaskiya sauyin ya zo da ɗan alheri, Texas da Texas A&M sun sake haɗuwa a 2024 bayan rabuwar da suka yi tun 2011. Amma an rasa karawar Oklahoma da Oklahoma State ta kowace shekara, wadda jihar gaba ɗaya ke jira.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne ba a gama ba. Florida State da Clemson sun kai ACC kotu suna neman hanyar fita, aka yi sulhu a Maris ɗin 2025, kuma sulhun ya sa kuɗin ficewa zai riƙa sauka har ya kai dala miliyan 75 a wajajen 2030. A daidai wannan lokaci yarjejeniyar talabijin ta Big Ten za ta ƙare, ta Big 12 ta biyo baya a 2031. Ba sai an yi duba ba. A ganina Big Ten da SEC za su miƙa hannu ga irin su North Carolina da Florida State da Clemson da Miami, kowace ta haura jami'o'i 20, waɗanda ba a ɗauka ba kuma su ɗanɗana abin da Oregon State ta ɗanɗana. Boston College, ta jihar Massachusetts da ka yi wa gwamna shekara takwas, tana iya kasancewa cikinsu.

Raba ƙwallon Amurka da sauran wasanni ba baƙon abu ba ne. Notre Dame ba ta cikin kowane rukuni a ƙwallon Amurka, amma yawancin sauran wasanninta a ACC suke. Makarantun soja na Army da Navy suna buga ƙwallon Amurka a rukunin American, sauran wasanninsu kuma a Patriot League tare da maƙwabta. Chip Kelly ma, lokacin yana horar da UCLA, ya fito fili a ƙarshen 2023 ya ba da shawarar a ware ƙwallon Amurka daban. In kwamishinoni suka ce ba za su saki ƙwallon kwando ba saboda ita ma tana kawo kuɗi, a bar musu ita. Sauran dai a sake su.

Za ka ce ba ka da ikon tilasta wa kowa. Gaskiya ne, amma ƙa'idojin da ke cewa ga abin da ake kira rukuni, ga yawan wasannin da dole ya ɗauki nauyi, ga wanda zakaransa zai samu gurbi kai tsaye a gasar ƙasa, duk a littafin hukumarka suke. A gyara su yadda UCLA da Stanford da Oregon State za su iya haɗa rukunin ƙwallon raga na yamma ba tare da sun rasa gurbi ko kaso ba. Kuma kana yawan zuwa Majalisar Dokoki a Washington kana neman a kare hukumar da manyan rukunoni daga ƙararraki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in Big Ten da SEC na son wannan kariya, a sa musu sharaɗin iyakance nisan tafiya da kwanakin da ɗalibi zai rasa a aji a wasannin da ba sa kawo kuɗin talabijin.

Akwai kuma abin da za ka iya farawa a wannan shekarar karatu ba tare da jiran majalisa ba. Ka nemi kowace jami'a a manyan rukunoni huɗu, wato Big Ten da SEC da ACC da Big 12, ta bayyana, wasa bayan wasa, kwana nawa ɗalibanta suka yi ba sa aji, da nawa ta kashe a kan tafiye-tafiye kafin 2024 da bayanta, a buga alƙaluman kowa ya gani kafin a zauna cinikin 2030.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan kallo mazaunin Amurka