A San Cikin Tafintan Python Kafin a Yarda da Alƙaluman Saurinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini kan wani ƙorafi da ya zama ruwan dare tsakanin matasa masu koyon rubuta manhaja. Duk lokacin da sabuwar sigar Python, wani harshen rubuta manhaja, ta fito, sai a ji cewa ta ƙara sauri da kashi kaza. Mutum ya ƙona datarsa ya sauke ta, ya gwada, ya tarar aikinsa na nan jiya i yau, sai ya ce an yi masa ƙarya. Galibi ba ƙarya ba ce. Saurin yana da inda yake zaune, kuma ba kowane rubutu ne ke bi ta wurin ba.

Python ɗin da kusan kowa ke amfani da shi sunansa CPython, da harshen C aka gina shi. Da farko yakan mayar da rubutunka jerin ƙananan umarni da ake kira baitkod. Tun daga siga ta 3.6, kowane umarni bait 2 ne: ɗaya lambar umarnin, ɗaya abin da zai yi aiki a kai. Daga nan sai tafinta, wato babban zagayen da ke cikin fayil ɗin ceval.c, ya riƙa ɗaukarsu ɗai-ɗai yana aiwatarwa.

Mu ɗauki a + b. A harshen C wannan umarni ɗaya ne ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da lissafi. A Python kuwa tafinta bai san mene ne a ba sai ya iso wurin. Zai duba nau'in a, ya duba na b, ya nemo aikin tarawa a teburin kowane nau'i, ya ga ko nau'in b ya gaji na a don a ba shi fifiko. Idan duk ba su karɓa ba, ya gwada ko jeri ne ake son haɗewa. Bayan an samu amsa sai a keɓe mata sabon gurbi a memori, domin lamba a Python abu ne mai cin bait 28 a kwamfuta mai bit 64, ban da ƙananan lambobi daga -5 zuwa 256 da ake tanada tun farko. Sannan a rage ƙidayar da Python ke ajiyewa ta wuraren da ke riƙe da a da b. Lissafin kansa bai taka kara ya karya ba, tambayoyin da ke kewaye da shi ne ke cinye lokaci. Idan layin yana cikin zagaye mai juyi miliyan 10, sau miliyan 10 za a yi tambayoyin nan, amsa kuma ɗaya ce kullum.

Wannan ɓarnar ce Mark Shannon, ɗaya daga cikin masu gina CPython, ya tunkara a tsarin da ya gabatar a 2020, wanda ya zama takardar shawarar inganta Python mai suna PEP 659 kuma ya shiga siga ta 3.11 a watan Oktoban 2022. Dabarar irin ta mai shayi ce da ya san abokin cinikinsa: yana hango shi ya fara haɗa masa abin da ya saba sha, sai dai yakan ɗaga kai ya tabbatar shi ɗin ne. Bayan umarni ya gudana 'yan lokuta, tafinta kan sake rubuta shi a wurin. BINARY_OP ya koma BINARY_OP_ADD_INT idan cikakkun lambobi yake gani, ko BINARY_OP_ADD_FLOAT idan masu ɗigo ne. Sabon umarnin tambaya ɗaya yake yi: har yanzu nau'in nan ne? Idan e, ya wuce kai tsaye. Abin da yake buƙatar tunawa kuma ana ajiye shi a 'yan guraben da aka bari daf da umarnin, cikin baitkod ɗin kansa. Da wannan da wasu gyare-gyare, irin su rage lokacin da kiran fankshin (guntun rubutu mai suna da ake kira ya yi wani aiki) ke ci, da sa try (umarnin tarar kuskure) ya daina cin lokaci muddin ba a samu kuskure ba, 3.11 ta fi 3.10 sauri da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari, matsakaici kashi 25, a ma'aunin pyperformance, jerin gwaje-gwajen da ake auna saurin Python da su.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan wuri ɗaya yana karɓar cikakkiyar lamba yanzu, an jima mai ɗigo, an jima rubutu, gajeriyar hanyar za ta riƙa faɗuwa ana komawa doguwa, ga kuma asarar tambayar da aka yi a banza. Haka neman sifa kamar p.suna: tafinta na riƙe da lambar shaidar ajin da p ya fito, wato tsarin da aka ƙera p da shi, kuma da zarar an taɓa ajin ana cikin gudu, lambar ta canza, duk abin da aka tuna game da shi ya tashi aiki. Shi ya sa ya fi kyau a ayyana sifofin abu gaba ɗaya a cikin __init__, fankshin ɗin da ke gudana lokacin ƙirƙirar abu, a daina liƙa wa aji sabbin abubuwa a tsakiyar zagaye. Mai son gani da idonsa ya gudanar da fankshin ɗinsa sau ɗari ko fiye, sannan ya kira dis.dis da adaptive=True. Duk inda ya ga sunan umarni irin BINARY_OP bai canza ba, nan ne bai samu rabonsa ba. Wanda kuma aikinsa jiran intanet ne, ko karanta faifai, ko lissafin da NumPy, wani kunshin kayan lissafi na Python, ke yi a C, kada ya sa rai da yawa, tunda ba a cikin tafinta lokacinsa ke tafiya ba.

Su kansu masu ginin sukan yi tuntuɓe wajen awo. A farkon 2025 an shigar da sabon salon tafinta don siga ta 3.14, inda kowane umarni ya zama fankshin ɗin C mai zaman kansa da ke miƙa aiki ga na gaba kai tsaye. Awon farko ya nuna ƙarin saurin da ya kai kashi 15, aka yi ta murna. Sai wani injiniya, Nelson Elhage, ya bi diddigi a watan Maris, allura ta tono garma. Tsohon tafintan yana da wata dabara: kowane umarni na da tasa ƙofar tsallakawa zuwa na gaba, abin da ke taimaka wa furosesa hasashen inda za a nufa. Ashe kompaila Clang 19, mai mayar da rubutun C zuwa umarnin furosesa, wanda aka gina duka biyun da shi don gwaji, yana da matsalar da ke dunƙule ƙofofin nan su zama ɗaya. Wato an gwada sabon doki da tsohon da aka ɗaure wa ƙafa. Da aka gyara awon, ribar ta sauko zuwa kashi 3 zuwa 5. A ganinmu yadda aka fito fili aka gyara alƙaluman ya fi ribar kanta daraja.

Akwai wasu manyan labarai biyu da su ma a bi su a hankali. Injin JIT da ya zo a 3.13 a 2024, mai mayar da baitkod zuwa umarnin furosesa ana cikin gudu, a matsayin gwaji ya zo kuma a kashe. Sigar da aka cire wa makullin GIL, wanda ke hana zare biyu, wato layukan aiki biyu a cikin manhaja ɗaya, gudanar da baitkod lokaci guda, ta yi nauyi da kusan kashi 40 a aikin zare ɗaya a 3.13, saboda an kashe mata dabarar sake rubuta umarni da muka bayyana. A 3.14 nauyin ya ragu zuwa kashi 5 zuwa 10.

Mai son gwada siga biyu ya tabbatar da kompaila ɗaya aka gina su, kuma duka da --enable-optimizations da --with-lto. Ya yi amfani da pyperf, wanda ke maimaita gwaji yana tayar da Python sabo sau da dama, ya ba da matsakaici da tazarar bambanci. Ya fara da cProfile don sanin fankshin ɗin da ke cin lokaci. Kada kuma a auna siga ɗaya laftof na jone da wuta, ɗayar bayan an ɗauke, domin yawancin laftof kan rage gudun furosesa da zarar sun koma kan batir.

Wassalam.

Daga wasu masu rubuta manhaja, Kano.