Baba Soja ya tafi da labarinshi, mu kuma ba mu tambaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina muku fatan alheri kai da ma'aikatanka. Ni malamin lakwal ne nan cikin garin Tawa, amma asalina ɗan ƙauye ne can wajen Keita, kuma abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto muku shi ne rasuwar wani tsoho na garinmu watan da ya wuce, ƙanen kakata ne, kowa Baba Soja yake ce mishi har sunanshi na yanka ya kusa ɓacewa. Allah ya jiƙanshi ya sa ya huta.

Shekarunshi babu wanda ya sani daidai. Takardar soja ta ce wajen 1932 anka haife shi, shi kuma yana dariya ya ce anasaran da ya rubuta haƙoranshi kawai ya duba kamar mai sayen raƙumi. A 1952 anka ɗauke shi. Mutane su gane, ba shi ya kai kanshi ba. Lokacin kumandan ke aiko ma sarki cewa ana son samari kaza, sarki ya raba ma masu gari, mai gari kuma ai ba ɗanshi zai bayar ba, sai ya duba gidan da babu mai tsaya musu. Baba maraya ne, yana kiwon awakin kawunshi anka zo anka tafi da shi, ko sallama bai yi da yayarshi ba, wato kakata, wadda har ta mutu in ta tuna ranar sai ta yi shiru ta bar dakan da take yi.

Yaron da ruwan da ya sani bai wuce na gulbin damina da rijiya ba, sai ga shi cikin jirgin ruwa sati da sati yana amai, har ƙasar da a lokacin ake ce ma Indoshin, Biyetnam ta yanzu. Wannan ɓangaren yana son ba da labarinshi, mu jikoki mun sha shi har mun haddace. Gonakin shinkafa da ruwa har gwiwa, matsattsaku da ke shiga cikin takalmi sai dare in ka cire ka ga jini, ruwan sama da ba ya ɗaukewa, shi da ya fito ƙasar da ake roƙon ruwa da alƙunutu. Yakan ce mutanen can gajeru ne ba su da jiki amma bai taɓa ganin masu taurin rai irinsu ba, kuma da anka ci Faransa a Diyen Biyen Fu cikin watan Mayu na 1954, shi ba ya wurin, amma ranar ya fara ganin hafsan anasara yana kuka kamar yaro, daga ranar kuma wani abu ya fita daga ranshi game da su.

Aljeriya ce ba ya magana a kanta. Yaƙin can ya tashi cikin Nuwamba na 1954, bayan ɗan hutu anka tura su. In ka tambaye shi sai ya ce sanyi, duwatsu, ya canza zance ya koma kan farashin hatsi. Sau ɗaya tak ya buɗe mini baki, shekarar yunwar 2005, muna zaune cikin zaure da dare ba mu da ko sukarin shayi. Ya ce, mushe (wato malamin lakwal, daga faransanci, haka yake ce mini don tsokana, ni kuma in ce mishi tsohon banza, wasan jika da kaka), wata asuba sun kewaye wani ƙauye a kan dutse suna jiran umarni, sai ya ji ladan ya kira salla daga cikin garin, irin kiran da ya bari gida, kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Ya ce bindigar ta yi mishi nauyi. Na ce to sai me ya faru Baba? Ya ɗauki butarshi ya fita. Bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba, kuma yau shi ne abin da ke ci mini rai. Abin da na sani dai tun da na yi wayo ban ga Litinin ko Alhamis ta wuce shi ba azumi ba, sai da ƙarfi ya ƙare.

Ya dawo gida dab da samun 'yancin kai na 1960, shekara takwas ke nan, bai cika sha biyar ɗin da ake bukata kafin a ba mutum cikakken fansho na soja ba. Ya koma gona, ya yi aure, shekarun fari na 1973 da 1984 sun cinye mishi dabbobi kamar kowa, ya je cirani Abijan sau biyu ya yi gadi. Sai da ya tsufa ya fara karɓar ɗan kuɗin nan na mazan jiya da ake biya sau biyu a shekara. Nan ma ga zalunci, don a ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da kuɗin sojojin ƙasashen da ta yi ma mulkin mallaka, wato abokinshi anasara da sunka sha laka ɗaya kuɗinshi na ƙaruwa kowace shekara, shi nashi yana nan inda yake kamar an binne. Sai da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shi ma ya riga ya rasu kafin hukuncin, sannan a 2007 anka daidaita irin kuɗin da Baba ke karɓa. Daga baya ya kai ɗan sama da jikka 500 na sefa a shekara. Mafi yawan abokanshi ba su ga wannan ba, suna cikin ƙasa.

Kuma kuɗin nan wallahi ba shi kaɗai ya ci ba. In sun zo, rabin unguwa ta sani. Buhun hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, maganin jika, kuɗin motar wanda zai tafi Libiya, tabarmin masallaci. Ni kaina kuɗin rajistata na jarrabawa daga aljihunshi sunka fito, yana ƙirgawa da faransancin bariki yana zagina wai na cika ci.

Yana da wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Ciki akwai littafin soja da ya yi laushi kamar tsumma, katin mazan jiya, hoto ɗaya nashi da jar hula, da lambobi uku da yake gogewa da toka da lemun tsami duk 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, ranakun 'yancin kai da jamhuriyar Nijar, ya maƙala a babbar riga ya zauna ƙofar gida, babu wanda ya gayyace shi ko'ina amma sai ya sa. Yara su taru, ya daka musu tsawa gardabu! su ƙame suna dariya.

Abin da ya ɓata mini rai, Malam Edita, ya faru ne bayan sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a Disamba na 2023. Ni ma ina cikin waɗanda sunka yi murna, ban ɓoye ba. Amma wasu samari na wata fada, yaran da na koyar da wasunsu, sai sunka fara ce mishi bawan Faransa in ya wuce da sandarshi zuwa masallaci. Tsohon da anka kama yana kiwon awaki! Bai tanka musu ba, sai dai 3 ga Agustan da ya biyo baya bai fito da lambobin ba, kuma bai sake fitowa da su ba. Na je na same su na yi musu faɗa, ɗaya ya ce mini mushe ai mu ba mu san haka anka yi ba, a ina anka koya mana? Na rasa amsa, don gaskiya ya faɗi, ni da ke riƙe da alli ban taɓa kai aji wurin Baba ya ba su labari ba, ga shi ƙofa da ƙofa da lakwal. Senegal ta yi babban taro a 2024 na cika shekara 80 da kisan Tiyaroy, inda anka harbe sojojin Afirka a 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Mu namu suna mutuwa ɗaya-ɗaya cikin ƙauyukan Adar babu mai ɗaukar ko muryarsu.

Sanyin bana ne ya kama mishi ƙirji. Kwana huɗu yana tari, anka ɗora shi a amalanken jaki zuwa likita, kafin a kai rai ya yi halinshi. Anka yi mishi sutura bayan azahar, mutane sun cika har daga ƙauyukan kewaye, babu tuta babu kakin soja ko ɗaya, kuma na san shi ba zai damu da wannan ba.

Roƙona ga jaridarku da gidajen rediyonmu na Tawa, ku aika yaranku da waya su nemi 'yan tsirarun da sunka rage, a Keita, Buza, Illela, Madawa, a zauna da su a ɗauki maganarsu da Hausa yadda sunka faɗe ta. Ba aikin kuɗi ba ne, shayi ne da haƙuri. Masu jami'ar Tawa su ma ga aikin ɗalibai nan.

Akwatin yana hannuna yanzu. Ranar sadakar bakwai Inna, matarshi, ta turo mini shi da ƙafa ta ce kai da ka yi boko duba mini, kuɗin nan za su ci gaba da zuwa? Na san irin wannan kuɗin da mai shi yake ƙarewa, ba ya komawa kan mata. Na ce mata bari in bincika tukuna. Gobe Lahadi in na gama cefane a kasuwa zan hau mota in koma gida, kuma har yanzu ban san bakin da zan gaya mata ba.

Naku,
wani malamin lakwal, Tawa