Rahoton ayyukan shekara daga sakataren ƙungiyar masu aiki da taswira da hotunan tauraron ɗan'adam, Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum, dattawanmu, malamai da ƙannenmu ɗalibai.

Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ta tsayar da yawancin abin da muka tsara. Waɗanda suka cika kuɗin wata na bana ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun tura saƙo, mun buga waya, wasu har gida aka bi su, amsar ba ta wuce "sai ƙarshen wata". Ɗalibai suna da uzuri, an ma yi musu rangwame. Masu albashi nake nufi, waɗanda ke sauke duk taswirar da aka raba amma ba a taɓa jin muryarsu a zama ba.

Taron shugabanni na wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba.

Abin da ya faranta mini rai bana shi ne zaman tattaunawar da muka yi ta intanet cikin damina kan ambaliyar kogin Logone. Kun san yadda muke yi a da: mutum ɗaya ya kwashe awa yana lacca da Faransanci, sauran sun yi tsit, kafin ya gama data ta ƙare wa jama'a. Wannan karon mun sauya salo. An rage wa hotunan tauraron ɗan'adam nauyi, aka tura wa kowa ta WhatsApp tun kafin ranar. Mai gabatarwa minti goma kawai aka ba shi, sauran lokacin na tambaya da muhawara ne, kowa da harshen da ya fi sauƙi a bakinsa, Hausa, Fulatanci ko Faransanci. Wanda layinsa ya yanke ya turo saƙon murya, aka kunna kowa ya ji.

Hotunan na Sentinel-1 ne, tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto da rada, na ambaliyar 2022 da ta 2024, daga Yagwa zuwa Kusiri. Mun zaɓe shi ne saboda a Agusta da Satumba hadari ke rufe sama. Sentinel-2, tauraron da ke ɗaukar hoto da hasken rana, duk da kyan hotonsa da ke nuna abu mai faɗin mita 10, ba ya gani ta cikin gajimare, rada kuwa ba ruwanta da gajimare ko dare. Abin da ɗalibai suka haddace shi ne kwantaccen ruwa baƙi yake fitowa, domin yana kautar da siginar ba ta komawa ga tauraron. Sai wani ɗan'uwanmu malamin gona a Maga ya ce a dakata. Baƙin da aka zagaye kusa da madatsar ruwan Maga, in ji shi, gonakin shinkafar SEMRY ne, kamfanin gwamnati na noman shinkafa, da aka sakar wa ruwa da gangan. Wata 'yar'uwa daga Kusiri ta ƙara da cewa a fadamun Waza-Logone, inda ruwa ke shiga ƙarƙashin doguwar ciyawa, hoton haske yake yi maimakon duhu. Ashe taswirarmu ta nuna ambaliya inda babu ɓarna, ta kuma ɓoye ta inda makiyaya suka tashi. Nan take aka gyara, kowa yana gani a kan allonsa. Da lacca ce, da waɗannan biyun ba su samu damar magana ba, da kuma mun raba taswira mai kuskure da sunan ƙungiya.

'Yan'uwanmu na Injamena suka ja maganar zuwa Tafkin Chadi. Kowa ya san ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai. Tambayarsu ita ce nawa ne daga ruwan yau ciyayi ke ɓoye wa masu ƙirge. Hotunan Landsat, taurarin ɗan'adam na Amurka, suna nan tun 1972, kyauta ne tun 2008, don haka mun sa wannan a zama na gaba.

Taswirar gonakin masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina, ba ta kammalu ba, kuma na ji ƙorafi cewa kwamitin ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Aikin kwamfuta an gama shi. Abin da ya rage shi ne a shiga karal, filayen laka da ake dasa masakwa, bayan dashe, a ɗauki wuraren da GPS, a tabbatar koren da ke hoton masakwa ce ba ciyawa ba. Wannan yana son babur da mai, baitulmali kuwa babu. Bayan darasin Maga, ban yarda mu fitar da ita ba a taka ƙasa ba. Horon QGIS, manhajar zana taswira, na Garwa shi ma kuɗin zaure da janareta ne suka hana shi, mai koyarwa ya shirya kyauta tun tuni.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin babban taro. Za mu kuma kawo shawarar cewa daga baɗi kowane mamba ya jagoranci zama ɗaya da hoton yankinsa. Idan kuɗin suka shigo kafin a girbe masakwa, za a iya zuwa gonakin a wannan kakar. Idan aka girbe, sai wata shekara.

Wassalam,
Sakatare