Gyara kan shirinku na Rosa Parks

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya hidima da jama'a, Allah ya ƙara basira.

Na saurari shirinku na tarihi na makon jiya kan Rosa Parks, naji daɗi ƙwarai amma akwai inda nake so in ja hankalinku. Mai gabatarwa yace wai matar ta taso aiki ne a gajiye shi yasa taƙi tashi ta ba Bature kujera a bas, shikenan sai gari ya ɗauka. Gaskiya wannan ya rage mata daraja, ita da dubban mutanen da suka sha wahalar. Ita kanta ta musanta zancen gajiyar, tace abinda ta gaji dashi shine miƙa wuya. Tun 1943 take sakatariyar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka, reshen birnin Montgomery a jihar Alabama, tasan abinda take yi sarai. Kuma wata tara kafin nata an kama wata yarinya Claudette Colvin 'yar shekara 15 akan wannan laifin dai, wato mutanen sun daɗe a shirye, lokaci kawai suke jira.

Ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama Rosa. A daren nan wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar matan baƙaƙen fata, bata runtsa ba, ta kwana a kan injin buga takarda ita da ɗalibanta biyu suka fitar da dubban takardu cewa ranar Litinin 5 ga wata kada wanda ya hau bas. Kafin ƙarshen mako saƙon ya shiga makarantu da shaguna da coci coci, ba waya a aljihu ba Facebook.

Ni tsohon direban haya ne, na san wuyar haɗa kan mutum goma a tasha akan magana ɗaya, wallahi kafin azahar wani ya zame ya ɗau lodi. To baƙaƙen fatan Montgomery kwana 381 sukayi basu hau bas ba, alhali sune kusan kashi 75 cikin 100 na fasinjoji. Da farko direbobin tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kan santi 10, daidai kuɗin bas, hukuma ta hana. Sai suka haɗa motocin gida kusan 300 da wuraren lodi da lokacin tashi, 'yan sanda na bin direbobin da tara kan abinda bai kai ya kawo ba. Wanda bai samu mota ba ya taka da ƙafa, mata masu aikatau a gidajen Turawa suna tafiyar mil mil cikin sanyin hunturu safe da yamma. Akwai wata mai girki Georgia Gilmore, ita da ƙawayenta suna soya kaji suna gasa kek su sayar, duk mako ta kai kuɗin wurin taro don a sha mai. Wannan matar tana tsaya min a rai sosai.

Martin Luther King shekararsa 26 lokacin da aka ɗora shi kan gaban wannan gwagwarmaya, ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam gidansa matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah ya tsare, duk da haka ba a janye ba. Sannan ƙarar da ta karya dokar wariyar launin fata a bas ma ba da sunan Rosa aka shigar ba, da sunan Aurelia Browder ne da wasu mata uku har da Claudette ɗin nan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin soke dokar a Nuwamba 1956, ranar 21 ga Disamba suka koma bas kowa ya zauna inda yaga dama.

Don Allah Edita ku ware shiri guda akan waɗannan matan, ku ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya, musamman Georgia da Jo Ann. Zan kasa kunne insha Allah.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Fagge, Kano