Wasiƙa zuwa ga aminina a kan waƙoƙin da suka taɓa zama na ɗaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah, sai kuma kewarka.

Saƙonka ya iso, na kuwa sha dariya. Wato aikin da ka ɗora wa kanka ke nan, ka bi waƙoƙin da suka taɓa hawa matsayi na ɗaya a jadawalin Amurka da na Birtaniya, ɗaya bayan ɗaya tun daga tushe, kana ba kowacce maki? Allah Ya ba da sa'a, mutumina. Jadawalin Amurka, wato Billboard Hot 100, tun watan Agusta na 1958 ake fitar da shi, na Birtaniya ma ya girme shi, don a Nuwamban 1952 ya soma. A Amurka kaɗai waƙoƙin da suka ɗare saman sun haura dubu. In ka gama kafin furfura ta gama cinye maka kai, ka yi ƙoƙari.

Hukuncin da ka yanke ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce rabin waƙoƙin nan tarkace ne, mutanen da ba su da kunne, kuma kullum waƙar kirki a lamba biyu take maƙalewa. Ba kai ka fara faɗar haka ba. Duk inda masoya waƙa suka haɗu suna tuna baya, maganar ke nan: wannan ba ta cancanta ba, waccan an zalunce ta. Ni dai ban yarda da kai ba, sai a 'yan wurare da zan gaya maka.

Mu fara da shi kansa jadawalin. Kana ɗaukarsa alƙali mai raba gardama tsakanin mai kyau da maras kyau, alhali littafin ɗan kasuwa ne, abin da aka saya ko aka saurara a mako yake rubutawa. Na Birtaniya da ya fara, wani ma'aikacin jaridar New Musical Express ne mai suna Percy Dickins ya riƙa buga waya shagunan faifai wajen ashirin yana tambayar wanne ya fi tafiya. Daga nan Al Martino ya zama na ɗaya na farko da “Here in My Heart”. A Amurka ma, har zuwa 1991 abin da masu shago da gidajen rediyo suka faɗa da bakinsu shi ake tattarawa. Sai a ƙarshen shekarar aka koma ga na'urar SoundScan mai ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Da aka yi haka, sai ga waƙoƙi suna daɗewa a sama fiye da da. Kuma kafin Disamban 1998, waƙar da ba a fitar da ita a faifai nata na kanta ba, ba ta da izinin shiga Hot 100 ko da kuwa ta cika gari. “Don't Speak” ta ƙungiyar No Doubt ta yi mako 16 tana kan gaba a gidajen rediyon Amurka, amma ko leƙa jadawalin ba ta yi ba. “Gangnam Style” ta Psy, ɗan Koriya ta Kudu, wadda duniya ta yi ta tsalle a kanta a 2012, a lamba biyu ta tsaya mako bakwai a bayan Maroon 5, saboda a lokacin ba a lissafa kallon YouTube. A Fabrairun 2013 aka soma lissafawa, nan take “Harlem Shake” ta faɗo a lamba ɗaya. Ka ga ma'aunin ma ba ɗaya ba ne daga shekara zuwa shekara, balle a ce shi zai gaya mana wa ke da kunne.

Abu na biyu, yawancin abin da masoya waƙa ke kira ƙiyayya, gundura ce kawai. Ka ɗauki ta Bryan Adams, “(Everything I Do) I Do It for You”, wadda ta yi mako 16 a jere a saman jadawalin Birtaniya a 1991, daga tsakiyar bazararsu har sanyi ya soma shigowa. Ka sa kanka a matsayin wanda ya rayu a lokacin. Makon farko ya ji ta ya ce kai, wannan ta yi. Mako na uku yana bin amshin a cikin mota. Mako na goma, da ya ji 'yan sautukan fiyanon nan na farko hannunsa ya kai ga rediyo kafin mawaƙin ya buɗe baki, ya canza tasha, ya tarar can ma ita ce. Ya shiga kanti ita ce, maƙwabci ya buɗe taga ita ce. Wannan mutum in ka tambaye shi bayan shekara talatin, tsaki zai ja. Amma waƙar ba ta canza ba tsakanin makon farko da na goma. Bayan shekara uku aka sake kwatawa da “Love Is All Around” ta Wet Wet Wet, mako 15, har sai da su mawaƙan da kansu suka sa aka daina buga faifan. In mai abu ya gaji da abinsa, ina ga mai sauraro?

Yanzu ga maganar lamba biyu, wadda na san a nan ka fi kafa hujja. Gaskiya ne jerin yana da ban haushi. “Like a Rolling Stone” ta Bob Dylan a biyu ta tsaya a Amurka a 1965. Creedence Clearwater Revival sau biyar suna kaiwa biyu a Amurka, ba su taɓa ɗanɗana ɗaya ba. Bruce Springsteen ya kai biyu da “Dancing in the Dark” a 1984, Prince ya tare masa hanya. Chuck Berry, wanda kusan kowane mai kaɗa gita na zamanin a wurinsa ya ɗebi wuta, sau ɗaya tak ya zama na ɗaya, a 1972, da wata waƙar shiririta mai suna “My Ding-a-Ling” da ko masoyansa ba sa son a tuna musu. A Birtaniya kuwa har yau ba su huce da abin da ya sami “Vienna” ta Ultravox a 1981 ba, da waƙar barkwanci ta Joe Dolce, “Shaddap You Face”, ta danne ta. Daga baya gidan rediyon BBC ya sa aka yi ƙuri'a a kan waƙar lamba biyu da aka fi so, “Vienna” ta lashe.

To amma ka lura da wani abu. Rashin nan da ta yi, shi ya yi mata rana. Da ta hau ɗaya ta yi mako goma, da yanzu tana cikin waɗanda ake ja wa tsaki. Tausayin wanda aka ƙwace wa abu yana ƙara wa waƙa zaƙi, kuma ita ba a matse ta a kunnen mutane har ta fita ransu ba.

Wadda na fi so mu tsaya a kai ita ce ta 1967. Beatles suka fitar da faifai ɗaya mai ɗauke da “Penny Lane” da “Strawberry Fields Forever”, wanda masana da yawa ke cewa ba su taɓa yin kamarsa ba. Sai ga Engelbert Humperdinck, cikin kwat da dogon saje, ya zo da “Release Me”, tsohuwar waƙar wani miji mai roƙon a sake shi ya tafi, ya hana su hawa ɗaya a Birtaniya. Shekara da shekaru ana ba da labarin nan a matsayin abin kunya. Ni tambayata ita ce: su wa suka sayi “Release Me”? Ta yi mako shida a sama, ta fi shekara guda ba ta fita daga jadawalin ba. Aljanu ba sa sayen faifai. Iyaye ne, mata da maza masu aure, waɗanda suka san abin da waƙar ke faɗa a jikinsu, suka fito da kuɗin guminsu suka saya. Bambancin kawai, su ba su rubuta sharhi a mujallu ba. 'Ya'yansu ne suka girma suka zama marubuta tarihin waƙa, suka rubuta shi yadda ya yi musu daɗi. Duk lokacin da ka ji an ce “mutane ba su da kunne a shekara kaza”, ka bincika, galibi za ka tarar mutanen da ake nufi iyaye mata ne, ko 'yan mata ƙanana, ko yara. Su ne suka fi kowa sayen faifai, su ne kuma ba a tambaya in an zo yanke hukunci.

Kada ka ce na zama lauyan kowace waƙa. Akwai waɗanda ko an biya ni ba zan tsaya musu ba. “We Built This City” ta Starship, ta ɗaya a Amurka a 1985, mujallar Blender ta sa ta a kan gaba cikin munanan waƙoƙi a 2004, masu karanta Rolling Stone ma suka zaɓe ta mafi muni a shekarun 1980, ni kuwa ban ga ta inda zan musa ba. Mr Blobby, wani dodon roba mai ɗige-ɗige na talabijin, ya ci lamba ɗaya ta Kirsimetin 1993 a Birtaniya. A 2005 Crazy Frog, ƙarar kiran wayar salula, ya sha gaban ƙungiyar Coldplay a can. Waɗannan ka ba su sifili, ba ruwana. Sai dai ko su ɗin, yara ne suka matsa wa iyayensu aka saya, kuma yaran sun ji daɗinsu da gaske.

Ra'ayin masoya ma ai ba a tsaye yake ba. Milli Vanilli sun hau ɗaya sau uku a Amurka a 1989, ana ta yabo, har da kyautar Grammy. Da asiri ya tonu a 1990 cewa ba su ne ke rerawa ba, baki kawai suke motsawa, aka ƙwace kyautar, kowa ya ce dama waƙoƙin banza ne. Muryar da ke cikin faifan fa ita ce dai ta jiya. Kiɗan disko kuwa nasa ya fi tsanani. Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, aka tara faifan disko a tsakiyar fili aka tarwatsa su da nakiya, matasa suka ɓalle suka cika filin, har wasan ƙwallon baseball na biyu da aka shirya a ranar bai yiwu ba. A lokacin Donna Summer ce ke tashe. Bayan 'yan makonni “Good Times” ta Chic ta zama ta ɗaya, kuma a kan kiɗanta aka gina “Rapper's Delight”, wadda ta buɗe wa kiɗan rap ƙofar kasuwa. Yau ka nemo mai sharhin da zai zagi Chic ka gani. Haka Kate Bush: “Running Up That Hill” a lamba uku ta tsaya a Birtaniya a 1985, sai a 2022, bayan shekara 37, da aka sa ta a wani shirin Netflix, yaran da ba a haifa ba lokacin fitowarta suka kai ta ɗaya.

Wani abin dariya, su masu cewa jadawali ba shi da ma'ana sun fi kowa damuwa da shi. A Kirsimetin 2009 masoya a Birtaniya suka gaji da ganin wanda ya ci gasar waƙa ta talabijin mai suna X Factor yana kwashe lamba ɗaya kowace shekara. Aka yi gangami a Facebook, aka sayi tsohuwar waƙar Rage Against the Machine ta 1992, mai cike da ihu da ashar, sama da kwafi dubu 500 a mako guda, ta doke Joe McElderry, wanda ya ci gasar a shekarar. An yi murna an ce an karya lagon 'yan kasuwa. Su kuwa mutanen kamfanin Sony suna gefe suna murmushi, don duka faifan biyu a ƙarƙashinsu suke.

Bari in zo kanka, tunda kai ka ja. Na duba 'yan makin da ka turo na shekarun da ka tsallaka ka fara leƙawa. Duk abin da ya fito muna samari ka cika masa mudu. “End of the Road” ta Boyz II Men, mako 13 a 1992, goma bisa goma. “I Will Always Love You” ta Whitney Houston, mako 14, goma bisa goma. Su ba su gundure ka ba ke nan? Amma Debby Boone da ta yi mako 10 a 1977 ka ba ta biyu, “Old Town Road” da ta yi 19 a 2019 ka ce hayaniya ce. Wato kunne ya soma aiki a duniya ranar da gemunka ya fara tsirowa, ya kuma mutu ranar da ka yi aure. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, Malam. “Macarena” kaɗai ka hukunta a zamaninmu, ita ma na san dalili: ka yi rawarta a gaban jama'a, kuma akwai shaidu, ni ne na farkonsu.

Ka ci gaba da aikinka, ban ce ka bari ba, don ni ma ina jin daɗin karantawa. Roƙona ɗaya: in ka iso 1967, ka saurari “Release Me” tun daga farko har ƙarshe, kai kaɗai, ba tare da ka tuna wa ta hana hawa ba, sannan ka ba ta maki. In ka kai 1979 kuma ka turo mini jerin gaba ɗaya. “Good Times” in ta sami ƙasa da tara, to akwai shari'a tsakaninmu.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna tambayar yaushe za a gan ka. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka