Godiya ga ofishin kula da tsohon garin Agadas

Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya san ni ya san ba na yabon ma'aikatan biro, amma wannan karon in na yi shiru na ci amana.

Damanar 2024 ce ta ja mini. Bangon zauren gidanmu na gado a unguwar Katanga ya tsage tun daga indararo har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga, kuma ɗakin Inna a jikin bangon yake. Ana cikin haka sai ga labari tsohon masallacin Birni a Damagaram ruwa ya kayar da shi, wallahi daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. Na fara da wani ofishi da ba zan kama suna ba, sati uku ina zarya, yau shef ba ya nan gobe a ce kawo takarda da tambur, na kawo a ce ba wannan ba, ƙarshe wani ya ce mini ba tare da ya ɗago kai daga wayarsa ba wai gidan laka ai dama faɗuwa yake yi. Wani ɗan kwangila kuma ya ce in rushe kawai ya zuba mini bulo da siminti a rufa da kwano, har na fara lissafin abin da zan saida.

Maƙwabcina ne ya tare ni ya ce ka manta tun 2013 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya, unguwannin nan 11 ba a rusa gini haka kawai, je ka ofishin da ke kula da su. Na tafi da shirin faɗa. Sai wani ma'aikaci ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama, ya ce Malam tashi mu je in gani da idona. Bayan babur ɗina ya hau fa! Da muka isa sai da ya durƙusa ya gaida Inna tukuna, ya ce Inna kar ki damu ba za a taɓa miki ɗaki ba. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ya ɓantaro yaɓen gindin bango ya nuna mini laka jagab a ciki. Ashe simintin da ni kaina na shafa shekarun baya don wai in kare gidan shi ne ya kulle danshi, ga indararo ya karye ruwa na bin jikin gini. Kunya ta kama ni, shi kuwa ko a fuska bai nuna ba. Takardar izini ba ta daɗe ba, ya haɗa ni da magina na gargajiya.

Na tambaye shi ina ya koyi wannan, ya ce farko wajen tsoffin maginan da ke yaɓen hasumiyar babban masallacinmu mai mita 27, sannan wajen cuɗanya da wasu garuruwa. Masanan ginin ƙasa na CRAterre da ke Grenoble a Faransa sun yi aiki da Agadas, ga kuma Tumbuktu da Jenne a Mali masu ciwo irin namu. Ya nuna mini hoton mutanen Jenne a wayarsa, gari kaf ya fito yaɓen masallaci kamar ranar bikinmu na Biyanu. To ni da can in na ji ana maganar ƙawancen garuruwanmu da na Faransa, kamar Agadas da Saint-Brieuc, ko Jenne da Vitré, ko Tumbuktu da Saintes, ɗauka nake yawon manya ne kawai, a hau jirgi a ci abinci a ɗauki hoto a dawo. Har yanzu ban ce babu irin wannan a ciki ba. Amma na ga guntun amfaninsa a gindin bangonmu. Kuma tun da Faransa ta dakatar da taimakonta a 2023 abubuwa sun yi sanyi, mutanen nan da ɗan abin da ke hannunsu suke fama, duk da haka ma'aikacin nan ko kuɗin mai bai karɓa ba, sai da na yi rantsuwa ya sha shayi.

Abin da ke ba ni haushi, me zai hana sauran wurare su yi haka? Kujera fa kawai da kunne. Ka je biro da matsalarka a riƙa kallonka kamar ka zo bara, in ba ka san wani ba ko ba ka da na goro sai dai ka bushe a benci. Takardata ta farko ma har yau tana can, ba wanda ya kira ni.

Inna dai ta koma ɗakinta, ta ce in gaida mata yaron nan da ya durƙusa. Allah ya saka muku da alheri, ya ja zamanin Sarkin Abzin.