Sunan da kuka karanta Cabibbo, Habibu ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na kimiyya na makon jiya, wanda kuka yi a kan masanan da kyautar Nobel ta tsallake. Na saurare shi daga farko har ƙarshe bayan sallar isha'i, rediyo na gefen tabarma, kuma na ƙaru ƙwarai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da mai gabatarwa ya zo kan masanin nan na Italiya, Nicola Cabibbo, sai ya furta harafin farko irin na "cara" da "caca", ya kuma ce suna ne mai nauyin faɗa da bai yi kama da komai ba a kunnen Bahaushe. Ban ga laifinsa a wajen furucin ba, don haka rubutun boko ya koya mana. Amma a Italiyanci, in c ta zo kafin a, k ake karantawa. Kabibbo ke nan. Batun cewa baƙo ne a kunnenmu kuwa, nan ne zan ja da shi, domin sunan nan Habibu ne. A gidanmu kaɗai mutum biyu ke amsa shi.

Na koyar da fiziks shekaru masu yawa a sakandare, kuma tun ina jami'a na fara ganin sunan a kan allo. Mutumin an haife shi a birnin Rum a 1935, iyayensa kuwa mutanen tsibirin Sisili ne. A 1963 ya fito da lissafin da ya bayyana dalilin da ya sa wasu ƙananan ƙwayoyin zarra ke jinkirin rikiɗa fiye da yadda ake zato, ya danganta abin da wata kusurwa mai digiri 13 ko kusa da haka, wadda har gobe da sunansa ake kiranta. A 1973 wasu masana biyu na Japan, Kobayashi da Maskawa, suka faɗaɗa aikinsa. A 2008 aka ba su Nobel, shi aka bar shi. Ya rasu a 2010. Duk wannan kun faɗa, kuma kun faɗa daidai. Abin da ya rage shi ne yadda aka yi Habibu ya zama sunan gidan wani Bature.

Ni ba a ɗakin karatun boko na fara kama bakin zaren ba, a zaure ne. Muna ɗaukar Muhtasar na Halil wajen wani dattijon malami a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, muka zo wurin da mai littafin ke lissafa malamai huɗu da yake ishara da su: Lahmi, Ibn Yunus, Ibn Rushd da Mazari. Malam ya ɗaga kai daga takarda, ya gyara tabarau, ya ce biyu daga cikinsu tushensu Siƙilliyya ne, wani tsibiri a tsakiyar teku. Ibn Yunus ana ce masa Assiƙilli, shi kuma Mazari an jingina shi ne ga wani gari Mazar. Washegari na ɗauko littafin taswira na makaranta, na bi da yatsa daga Tunusiya na haye ruwa, sai ga Mazara a gaɓar kudu maso yammacin Sisili, an shafa mata launin ƙasar Italiya. Na daɗe ina kallon shafin nan. Ashe fiƙihun da muke karantawa a kan buzu yana da reshe a ƙasar da ban san ta da komai ba sai Fafaroma da ƙwallon ƙafa.

A wannan garin na Mazara rundunar Musulmi ta sauka a shekarar 827, ta taso daga Susa ta Tunusiya a zamanin sarakunan Aglabawa. Jagoranta ma ba sarkin yaƙi ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad bin Furat, tsoho mai kusan shekara 70 wanda ya yi karatu wajen Imamu Malik a Madina, kuma a kan rubutunsa malam Sahnun ya gina Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya. Shekara ɗaya ya yi a tsibirin ya rasu a bakin ganuwar Sirakusa. Falermo ta faɗi a 831, Sirakusa sai a 878, Taormina a 902. Matafiyin nan Ibn Hauƙal da ya je Falermo wajen 973 ya ce ya tarar da masallatai kimanin 300. Daga baya Turawan Norman suka shigo, suka ci Falermo a 1072, suka kammala da garin Noto a 1091.

Mulki ya tafi, amma mutane ba su tafi nan take ba, kuma a nan ne labarin sunaye ya fara. Sarakunan Norman sun riƙe magatakarda masu rubutun Larabci a fadarsu. A fadar Roja na Biyu ne Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154. In sarki zai ba wani hakimi ko wata majami'a ƙasa, har da manoman da ke kanta yake bayarwa, sai a jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya a takarda, da harufan Larabci, sau da yawa kuma a maimaita da na Girkanci. Irin wannan takarda jarida ake ce mata, kalmar nan dai da muke kiran takardar labarai da ita yau. Wasu daga cikinsu suna nan ajiye, kamar na majami'ar Monreale kusa da Falermo, ɗauke da ɗaruruwan sunayen talakawa. Magatakarda zai ji manomi ya faɗi sunansa da harafin maƙogwaro, shi kuma harshensa ba shi da wannan harafi, sai ya rubuta wanda ya fi kusa da shi. Haka ha'un Habib ya yi ta gogewa a bakin mutanen tsibirin har ya koma k. Sauran aikin kuwa irin namu ne sak. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya ce Habibu. Mutumin Italiya ma haka, sai ya ce Kabibbo.

Wanda ya san cewa Abdullahi ne ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman, Hadijatu ta zama Dije, ba zai yi mamakin wannan ba. Masanan da suka bi diddigin sunayen Sisili, irin su Girolamo Caracausi da ya tattara su a babban ƙamus a farkon shekarun 1990, sun nuna 'yan uwan wannan suna da yawa. Vadalà Abdullahi ne, wato Audun Sisili. Fragalà Farajullahi ne. Morabito murabiɗi ne, wato mai zaman ribaɗi. Sciortino, da ake furtawa Shortino, daga shurɗi ya fito, ɗan doka ke nan. Wanda ya fi burge ni shi ne Cangemi, ana furta shi Kanjemi, daga hajjam, mai yin ƙaho da aski. Da a Kano kakansu ya zauna, da gidan wanzamai za a ce da gidansu.

Sai dai a nan ina roƙon a yi hattara, don na san halin mutanenmu. Da zarar an ji irin wannan labari, sai ka ji an fara yaɗa cewa ai wane Musulmi ne, an ɓoye ne kawai. Nicola Cabibbo Kirista ne ɗan Katolika, shi ne ma shugaban cibiyar kimiyya ta fadar Fafaroma tun daga 1993 har rasuwarsa. Kakansa na can nesa da ya fara amsa Habib ma ba lalle ne a ce Musulmi ba ne. A Sisili ta wancan zamani Kiristoci da yawa Larabci suke yi a gida, sunayen Larabci suke sa wa 'ya'yansu. Yahudawan tsibirin kuwa sun riƙe Larabci har zuwa 1492 da aka kore su, waɗanda suka karɓi Kiristanci suka zauna, wasunsu da sunayensu na da, kuma Habib suna ne da su ma suke sawa. Abin da sunan ke tabbatarwa shi ne harshen da aka yi magana da shi a gidan, ba alƙiblar da aka fuskanta ba. Wannan kaɗai ya ishe mu, ba sai mun ƙara gishiri ba.

Su Musulmin tsibirin ƙarshensu akwai ban tausayi. Ibn Jubair da ya ratsa ta can a 1184 zuwa 1185, a hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji, ya tarar da su cikin fargaba, wasu manyan fada suna ɓoye addininsu. Daga shekarun 1220 Sarki Farederik na Biyu ya fara kwashe su bayan tawaye, yana kai su wani gari Lucera a can tsallaken ruwa. A 1300 aka rushe wannan zangon ma, aka sayar da mutanensa bayi. Waɗanda suka saura a Sisili su ne waɗanda suka riga suka canza addini, suka narke cikin maƙwabta. Masallatai suka zama majami'u, harshe ya mutu a bakin jikoki. Abin da ya ƙi mutuwa shi ne sunayen garuruwa irin su Marsala da Caltanissetta, masu ɗauke da kalmomin Larabci marsa, wato tashar jirgin ruwa, da ƙal'a, wato wuri mai ganuwa, da kuma laƙabin da ake kiran wasu gidaje da shi.

Laƙabi kuwa ba ya zama sunan gado sai an samu mai rubuta shi kullum. A Italiya majami'a ce ta yi wannan aiki. Bayan babban taron Katolika na Trento da aka rufe a 1563, an wajabta wa kowane limamin coci ya riƙe littafin baftisma da na aure, musamman don a gane dangantaka kada 'yan uwa na kusa su auri juna. Tun daga nan suna ya daskare. Wanda aka rubuta kakansa Cabibbo, shi ma Cabibbo zai mutu, ko da ba wanda ya san ma'anar kalmar a gidan. Shi ya sa Italiya ke da sunayen gado fiye da 300,000. Kaɗan daga ciki sun cika ƙasa: Rossi da Russo, masu nufin ja, kamar mu ce Jatau; Ferrari, wato maƙeri; Esposito na Napoli, sunan da a da ake ba jariran da aka tsinta a ƙofar gidan marayu. Mafi yawa kuwa ƙananan sunaye ne da suka maƙale a gari ɗaya ko kwari ɗaya.

Cabibbo yana cikin waɗannan ƙanana. Za ka iya shekara a Milan ko Turin ba ka gamu da mai shi ba. Inda ya fi taruwa shi ne kusurwar kudu maso gabashin Sisili, wajen lardin Ragusa, yankin nan na Noto da ya zama na ƙarshe da ya fita daga hannun Musulmi. A ganina, sunan da ya dunƙule a wuri ɗaya haka yana nuna 'yan gidaje kaɗan ne suka haife shi, wataƙila ma mutum ɗaya da maƙwabta suka saba kira Habib. Daga can ne ƙaura ta ɗauki wasu zuwa Rum da sauran birane, kamar yadda ta ɗauki iyayen masanin namu, a ƙasar da miliyoyin mutanen kudancinta suka bar gida neman abinci tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Suna irin wannan kullum a bakin rami yake. Da yake a da ta wajen uba kaɗai ake gadonsa, gidan da ya haifi mata zalla sai reshensa ya yanke. Sai a 2022 kotun tsarin mulkin Italiya ta yanke cewa yaro zai ɗauki sunan uwa da na uba duka, in ba iyayen ne suka zaɓi ɗaya ba.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne yara suna sauraron shirin nan naku, har da ɗalibaina na da waɗanda yanzu su ke koyarwa. In aka ce musu sunan masanin kimiyya baƙo ne mai nauyin faɗa, sai su ƙara jin cewa ilimin ma na wasu ne can nesa. Na ga wannan a aji da idona: yaro zai ga sunan Bature a saman lissafi, tun bai karanta layin farko ba ya riga ya sare. In kuwa aka ce masa kusurwar Habibu ce, kuma ga hanyar da sunan ya bi daga Ƙairawan, garin da Risalar da kakansa ya haddace ta fito, to ya samu abin kamawa.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko, a gyara furucin a shiri na gaba, a ce Kabibbo, a kuma faɗi asalinsa ko da a jimla biyu. Na biyu, kuna da masu sauraro a Italiya, ina jin saƙonninsu a filin gaishe-gaishe. Tashar jirgin ruwa ta Pozzallo, inda ake sauke da yawa daga cikin waɗanda aka ceto a teku bayan sun bi ta Agadas da Libiya, a cikin lardin Ragusa take. A can al'adarsu ce a rubuta sunan gida a jikin ƙararrawar ƙofa da allon kanti. Ku roƙi 'yan uwanmu da ke zaune a wannan yanki su riƙa duba ƙofofin unguwarsu, in sun ga Cabibbo ko Vadalà ko Cangemi su aiko muku, su kuma tambayi tsofaffin gidan me aka gaya musu game da sunan. Ni dai zan kasa kunne ranar shirin.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
tsohon malamin fiziks, daga Zariya